Yadda Ake Ƙirga Mutum Arba'in Su Zama Sittin da Biyu a Gaban Suruki

Kai da matarka ta yi yaji, ka je biko sau biyu aka ba ka ruwa a moɗa aka sallame ka, matso nan ka zauna. Ni ne Nafi'u na tashar kabu-kabu ta Dakoro, kuma ina da hanyar da za ka nuna wa surukinka cewa kai mai jama'a ne, ko da jama'ar taka ba ta cika bayan mota ɗaya ba. Hanyar gwadaddiya ce. An gwada ta a kan abokina Sallau damanar bara, a gaban idona, kuma na rantse maka duk wanda ya bi ta daki-daki sai ya samu abin da Sallau ya samu, ba ragi ba ƙari. Kayan aikin ba su da yawa: kayye ɗaya, wato littafin rubutu, bik ɗaya, wato biro, baki mai sauri, da kunnen da ba ya jira a gama magana.

1. Shiga ƙungiya uku, kada ka tsaya a biyu

Mai ƙungiya ɗaya ɗan koyo ne. Mai biyu yana kan hanya. Uku ake so, a jera su yadda ɗaya za ta miƙa ka ga ɗaya daga fitowar rana har faɗuwarta, kada a samu wata kafa da za ka ɓulle ka tsinci kanka a gida.

Dubi Sallau. Da safe yana tasha bisa motonsa, babur ɗin haya, cikin 'yan kabu-kabu ashirin da huɗu, ana jiran fasinja ana zagin tsadar esansi, man moto. Ana sallame azahar sai fada, wato majalisar shayinmu ta gindin dalbejiya, mu ashirin cif, inda ake gyara duniya kullum ta sake lalacewa kafin gobe. Bayan la'asar kuma filin balo, wato ƙwallo, mutum goma sha takwas, shi ne mai tsaron gida. Gidan balo nake nufi. Na aure ba ya tsaronsa.

Matarsa Suwaiba, ɗiyar Baba Intalla ta wani ƙauye gefen Ɗan Gulbi, ta yi shekara biyu tana dafa tuwo yana hucewa. Ta yi magana, ya ce jama'a. Ta yi shiru, ya ce alhamdu lillahi ta gane. Ran nan ta ɗaure kayanta a zane ta hau motar kasuwa. A tasha ya ji labari, daga bakin direban da ya kai ta.

Kada ka yi dariya tukuna. Yana sonta, wallahi yana sonta. Sati biyu ya yi ana zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, abin da bai taɓa faruwa ba.

2. In ka je biko, bar bakinka ya riga hankalinka isa

Cire takalmi tun daga bakin zaure, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Wannan kowa ya iya. Gwanintar tana wajen amsa.

Baba Intalla tsoho ne mai rawani, irin mutanen da kakanninsu suka gangaro daga arewa da raƙuma suka zauna suka kama noma. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Ya bar Sallau a durƙushe har ƙafa ta yi masa tsami, sannan ya ce, “Ɗiyata ta ce ba ta ganinka.”

“Baba, jama'a ce ta yi mani yawa.”

“Jama'a?” Tsohon ya gyara rawani. “Madalla. Jama'a rahama ce. Ni ko ga gonata ta gabas ciyawa ta kama, lokacin maimai, noma na biyu, na neman wucewa, gwiwa ta ƙi. Mutum nawa gare ka?”

Nan ne wurin. Mai hankali zai ce, “Bari in je in duba, Baba.” Kai ba mai hankali ba ne, kai mai jama'a ne. Sallau ya sa yatsa a rairayi: tasha ashirin da huɗu, fada ashirin, balo goma sha takwas. Ya haɗa, ya ɗago kai har yana murmushi.

“Sittin da biyu, Baba.”

“Sittin da biyu,” in ji tsohon, a hankali, kamar mai tauna dabino. “To. Asabar ta sama ka kawo mani gayya. In rana ta faɗi ba ciyawa a gonar nan, ka ɗauki matarka. In da saura, tana nan, ɗakin uwarta bai yi mata kaɗan ba.”

Ta bayan zana surukarsa Inna Mata ta ji adadin, ta ce, “La ilaha illallahu!” Nan take ta fara tunanin hatsin da za a daka na furar mutum sittin da biyu, da akuyar da kwananta ya ƙare.

3. Kada ka tambayi kanka su wa ka ƙirga

Wannan matakin ba a yin komai a cikinsa, shi ya sa ya fi sauran daɗi.

Ɗauki Saminu misali. Da safe ɗan kabu-kabu ne, da rana ɗan fada, da yamma ɗan balo. Ciki ɗaya gare shi, hannu biyu, hauya ɗaya zai iya riƙewa, ita ma da ƙyar. Amma a lissafin Sallau mutum uku ne. Wanda ke tasha da fada kaɗai ya zama biyu. Haka ake samun albarka a jama'a ba tare da an yi suna ko an yanka rago ba.

Ni a ganina da masu ƙidayar ƙasa za su ɗauki wannan dabara, su ƙirga mutum a masallaci, su sake ƙirga shi a kasuwa, su tare shi a bakin rijiya su ƙara, da kafin azahar Dakoro ta fi Maradi mutane.

4. In dole sai ka je wurin mai ilimi, zaɓi wanda za ka iya tsere wa

Gayya ba a kiranta da baki kawai, sai da goro, kowa da nasa a hannu. Sallau ya je wurin yayarsa Ramla, madam ce a lakwal, tana koyar da lissafi, don ta raka shi zaɓen goro mai kyau. Ya same ta a tsakar gida tana gyaran kayyen ɗalibai. Ya ce goro sittin da biyu yake so.

Ta ajiye jan bik. “Sittin da mi? Kai Sallau, ina ka samo mutum sittin da biyu? Ranar ɗaurin aurenka ma ba su kai haka ba, kuma ran nan da shinkafa.”

“Yaya, na ƙirga.”

“Zauna ka rubuta mani su. Jeri uku, kowace ƙungiya da nata.”

Ya zauna ya rubuta, yana lasar baki. Ta duba takardar, ta dube shi, ta yi dariyar da ta sa kajin gidan watsewa.

“Wannan Saminun na tasha da wannan na fada, tagwaye ne?”

“Shi ne dai.”

“To riƙe bik. Dubi jerin tasha da na fada. Duk sunan da ya fito a duka biyun, soke shi a na fada.”

Ya soke goma sha ɗaya.

“Yanzu fada da balo. Duk wanda ka rubuta a duka biyun, ko ka soke shi ɗazu ko ba ka soke ba, soke shi a na balo.”

Takwas suka tafi.

“Balo da tasha. Soke a na tasha.”

Tara suka bi su. Ramla ta ce, “Sha ɗaya da takwas da tara, ashirin da takwas. Cire su daga sittin da biyu.”

“Talatin da huɗu,” in ji Sallau.

“Yawwa. To yanzu saura mataki guda, kuma shi ne wanda ɗalibaina ke faɗuwa a kansa kowace shekara. Ka ga waɗanda...”

Ga inda za ka koyi aiki. Sallau ya yi tunani irin na masu jama'a: matar nan ta buɗe baki sau uku ta cinye mani mutum ashirin da takwas, in na bari ta buɗe na huɗu, daga ni sai moto za mu je gonar nan. Ya fizge takardar, ya kara waya a kunne, wayar da ba ta yi ƙara ba, ya ce, “Na'am? Fasinja? Ga ni nan!”

“Sallau, tsaya! Ba cirewa ba ce! Kai Sallau!”

Ina! Hayaƙin moto kawai ta gani. Ta kira shi sau huɗu ran nan, bai ɗauka ba. Kai ma kada ka ɗauka. Ilimi kamar maganin asibiti ne, in ka sha kashi biyu cikin uku ka ji dama-dama, sauran a ajiye bisa katanga.

5. Kada surukai su ji an samu ragi

Abin kunya ne. Namiji ba ya cewa sittin da biyu ranar Lahadi ya dawo ranar Talata ya ce talatin da huɗu. Bar Inna Mata ta ci gaba da daka. Bar ta ta aro ƙore a gida bakwai, ta gaya wa kowace maƙwabciya cewa mijin ɗiyarta zai kawo rabin Dakoro. Ai rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma uwar ɗiyar ba kai ba ne.

6. Aika goron, kada ka kai da kanka

Tsofaffi sun ce zuwa da kai ya fi aike. Tsofaffi ba su da ƙungiya uku. Sallau ya sayi goro talatin da huɗu, ya yage takardar gida uku, ya ba wani a tasha nasa jerin da ƙullin goronsa, ya ba wani a fada, ya ba wani a balo. Ya ce a kira suna a ba kowa, wanda aka soke a tsallake, an riga an sa shi a wani jerin. Shi kuma ya hau moto ya bazama ƙauyuka aron hauya.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru ranar Alhamis, kuma ka yi haƙuri in muryata ta canza.

Mu biyar ne muke bin Sallau duk inda ya sa ƙafa, tasha, fada, balo: ni, da Saminu, da Ahmed, da Samba wanda ya tashi a ruga ya iya hauya kamar da ita aka haife shi, da Maraya makaɗi, wanda gangarsa ke tashin matacce ya yi noma. Tare muka yi kaciya da Sallau. Mu muka riƙe masa kan moto ranar da ya fara koyo.

Da safe a tasha aka tsaya aka kira sunaye. Mutum goma sha biyar suka karɓi goro. Ba mu ciki. Samba ya ce, “Ba komai, namu na fada.” Da rana a fada aka kira tara, har da wani da ya shigo majalisar wata biyu da suka wuce, ko kuɗin sukari bai taɓa sawa ba. Ba mu ciki. Ahmed ya yi dariyar yaƙe ya ce, “Ai mu manya ne, sai a fili.” Da yamma a filin balo, gaban 'yan kallo, gaban masu sayar da rake, aka kira goma. Muna tsaye da gajerun wanduna, hannu a shirye. Mai kira ya naɗe takarda ya ce, “Shi ke nan.”

Maraya ya ce, “Duba da kyau.”

Ya duba. “Sunanka na nan, amma an ja mashi layi.”

Sau uku a yini ɗaya! Ko ɓarawon akuya sau ɗaya ake zagaya gari da shi. Na ji zafin abin nan har cikin ƙashina, kuma ba zan ɓoye maka ba, da na koma gida ban iya cin tuwo ba.

7. Tabbata waɗanda suka ɓace su ne masu ƙaunarka

Ba sai ka wahala ba, lissafin da kansa zai yi maka wannan.

Wanda ke ƙungiya ɗaya an rubuta shi sau ɗaya, ba a taɓa shi ba. Wanda ke biyu an rubuta shi sau biyu, an soke ɗaya, ya rage ɗaya, lafiya lau. Amma wanda ke duka ukun, bawan Allah, an rubuta shi sau uku, aka soke shi a fada saboda yana tasha, aka soke shi a balo saboda yana fada, aka soke shi a tasha saboda yana balo. Kowane jeri ya ɗauka ɗan'uwansa ya riƙe shi. Uku a cire uku, ka ga mutum ya zama iska.

Abin da Ramla ke ƙwala kira ta faɗa ke nan: in ka haɗa duka, ka cire na bibbiyu, to sai ka dawo da na uku-uku sau ɗaya. Ƙari ne, ba ragi ba. Da ya tsaya minti ɗaya da ya tashi da riba. Amma mu ran nan ba mu san da wannan ba. Abin da muka sani shi ne an ja mana layi, kuma da jan bik.

8. Ranar gayya, ƙirga hauya, kada ka ƙirga goro

Goro talatin da huɗu aka ci, mutum ashirin da ɗaya suka zo. Haka abin yake. Wanda igiya ɗaya ta haɗa ku, ranar aiki ne gyambonsa ke tashi, a ranar ne kakarsa ke rashin lafiya a Ajekoriya. Waɗanda suka zo kuma yawancinsu 'yan gari ne, hannunsu ya saba da kan moto. Wani ya tura hauya ya sare hatsi ya bar ciyawa, ya juyo yana tambaya ko ya yi daidai. Babu ganga, babu kirari, sai tari da duban rana.

Gonar kuwa, Allah ya yi mata faɗi. In ka tsaya a wannan gefe, mutumin da ke wancan gefen sai ka ɗauka tunkiya ce.

Baba Intalla yana zaune bisa buzu a kan tudu. Makiyayi ne tun asali, ba ya buƙatar bik. Ya bi su da ido sau ɗaya, ya san adadinsu da wanda zai fara faɗuwa. Inna Mata kuma ta jera ƙoren fura a inuwa, layi-layi, na mutum sittin da biyu, matan ƙauye sun tsaya daga nesa suna ƙirga ƙore suna ƙirga kawuna suna rufe baki da mayafi.

Da hantsi muka iso, mu biyar, bisa moto uku. Ka ɗauka za mu zauna a Dakoro? Haba! A yi wannan kallo ba mu? Muka sami gindin aduwa a bakin gona, muka shimfiɗa tabarma, muka hura gawayi, muka ɗora butar shayi. Maraya ya kife gangarsa ya zauna a kai.

Sallau ya hango mu, ya jefar da hauya ya rugo, fuska duk ƙasa. “Alhamdu lillahi! Ina kuka tsaya? Ku tashi mana, rana na yi!”

Samba ya ɗaga buta sama ya tsiyaya shayi a kofi, ya mayar, ya sake tsiyayawa. “An gayyace mu?”

“Wane irin zance ne wannan? Ku da ni?”

“Mu dai kallo muka zo,” in ji Maraya. “An ce akwai mutum sittin da biyu.”

“Nafi'u, kai ma?”

Na ce, “Ni ma. Goro ba ya wuce bakin zaure ya ce ya shiga gida.”

Ya kira waɗanda ya ba takardu, suka zaro su daga aljihu duk sun jiƙe da gumi. Ya bi na farko da yatsa, ya bi na biyu, ya bi na uku. Na ga lokacin da abin ya sauka masa. Bakinsa ya buɗe, ya dube mu, ya dubi gona, ya dubi tudun da surukinsa ke zaune, sai ya tsuguna a wurin. Ya ce, “Wallahi ban sani ba.” Na yarda da shi, amma ban tashi ba. Zuciya ba moto ba ce da za a taka ta tashi nan take.

9. Ko ta halin ƙaƙa, kada matarka ta ga takardar

Wannan ne kaɗai matakin da Sallau ya kasa, kuma ka ga abin da ya jawo.

Suwaiba ta fito daga wajen ƙoren da ludayi a hannu. Wata guda ke nan bai sa ta a ido ba. Ba ta dube shi ba. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsuguna ta tsince takardun uku daga ƙasa, ta haɗa su bisa gwiwa. Ta yi lakwal har aji shida kafin a cire ta, kuma ba ta manta ba. Ta daɗe tana dubawa.

“Waɗanda aka soke ko'ina ba biyar ba ne,” in ji ta. “Shida ne.”

Ahmed ya ce, “Mu biyar ne, amarya.”

“Shida.” Ba ta faɗi sunan ba, mace ba ta kiran sunan miji, sai ta nuna shi da ludayi. “Ga na shidan nan a tsugune. Shina tasha an soke shi, shina fada an soke shi, shina balo an soke shi. Da hannunshi.”

Saminu ya fashe da dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ba sittin da biyu ba ne, ba talatin da huɗu ba ne. Arba'in ne, har da shi. Ni na daɗe da sanin mutum na iya zama wuri uku a neme shi a rasa. Ban san takarda ma ta sani ba.”

Ta miƙe ta hau tudu wurin ubanta, ta durƙusa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Tsohon ya sa hannu a aljihu. Ta dawo da goro shida a tafin hannu, farare, manya. Ta ba Samba, ta ba Ahmed, ta ba Saminu, ta ba ni, ta ba Maraya. Ta ce, “Gonar babana ce. Ni na gayyace ku.” Na shidan ta ƙulle a bakin zane.

To, me ya rage? Maraya ya juya ganga. Kai, ba ka ji kiɗa ba! Samba ya shiga gaba yana tura hauya ƙasa na tashi, 'yan gari suka ji kunya suka bi, har wanda ke sare hatsi ya gane bambanci. Muka sha furar mutum sittin da biyu mu ashirin da bakwai, muka ci akuya, muka koma. Amma safiyar da aka ɓata ba ta dawowa. Rana ta faɗi da sauran gona, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ciyawa tsaye kore shar tana kaɗa kai.

Muka taru gaban Baba Intalla. Samba ya ce, “Baba, a yi mana afuwa. Gobe da sassafe mu biyar za mu dawo, cikin kwana biyu mun share ta.” Tsohon ya dubi gonar, ya dubi Sallau da hannuwansa suka faffashe, na ga alamar zai sassauta. Sai muryar Suwaiba daga bayansa.

“Baba, a bar mashi.”

Ta kwance bakin zane, ta fito da goron na shida, ta zo ta ajiye a gaban mijinta, a ƙasa, ba a hannu ba.

“Wannan gayyar ta mutum ɗaya ce. Ran da ya gama, sai mu tafi.”

Samba ya ce, “Amarya, shi kaɗai sai ya yi kwana tara!”

Ta ce, “Na ƙirga.”

10. Sauran kuma ba a koyar da shi

Kwana tara ya yi. A zauren surukinsa yake kwana, da asuba ya saɓa hauya. Waya ba ta kamawa a gonar gabas, sai an hau tudu, kuma a kan tudun Baba Intalla yake zama. Kullum rana tsaka Suwaiba ta kai masa fura da kanta ta zauna a gindin aduwa har ya shanye. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, ba a gayyace ni ba. Na dai ji daga baya cewa a kwana na huɗu ne ya san tana da ciki wata biyar, kuma duk matan unguwarmu sun riga shi sani.

Ran na goma ya shigo Dakoro da ita a bayan moto, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya rame, ya yi baƙi, yana ta washe baki. Ka ga ke nan hanyata ta yi aiki. Na ce za ka samu abin da Sallau ya samu, ga shi ya samu.

Sanarwar wanke hannu

Ni Nafi'u, ina shaida wa duk wanda ya karanta wannan cewa ba ruwana. In ka bi matakan nan surukarka ta yi asarar akuya, tsakaninku ne. In abokanka suka ɗora shayi suna kallonka kana noma, ba ni na soke su ba. In yayarka ta mai da kai misali a aji, yara suna rera sunanka duk ranar da aka zo darasin ƙungiya uku, kamar yadda Madam Ramla ke yi yanzu, ka kai ƙara wurinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Haka kuma ban ɗauki alhakin abin da zai sami abokanka ba, don ni ma ba wanda ya ɗauki nawa. Sallau yanzu tasha kaɗai yake zuwa, ana kiran azahar ya juya kan moto sai gida, wai ɗiyarsa ba ta barci sai a kafaɗarsa. Fadarmu ta koma goma sha tara. A balo mun sa Saminu a raga, an ci mu bakwai ranar Juma'a. Ina taya shi murna, Allah ya sani, amma ina kewarsa, kuma wannan ba ya cikin lissafin kowa. In hanya ta bi da kai ta ƙofar gidansa, ka ce masa kofinsa na nan a fada, mun kife shi, ba wanda ke sha da shi.